Daɓena da Rairayin Inna

Ni ɗiyar gulbi ce. A gidanmu, can kudu wajen Maraɗi, in hura ta zube a tsakar ɗakin uwata kana iya durƙusawa ka lashe ta, ko tsakuwa ɗaya ba za ta shiga haƙorinka ba. Daɓe ne baƙi wuluk, mai sheƙi, sai ka ce bayan akushin da aka shahe da man shanu. A kanshi na yi rarrahe, a kanshi na miƙe. Da wannan idon aka kawo ni aure arewa, wajen rijiyar Dakoro, lokacin ko labarin Nasara ba mu taɓa ji ba, wurin kuma bai wuce ƴan ɗakunan shibci da turakun dabbobi ba. Mijina ni na so shi da kaina. Manomi ne, amma uwarshi jinin makiyaya ce, kuma gidan a hannunta yake. Inna nake ce mata.

Ban taɓa cewa Inna ƙazama ce ba, kuma ba zan fara yau da take kwance a kabari ba. Tana da irin tata tsabtar. Takan ɗauki masaki ta hau tudu, ta ɗebo farin rairayi, ta tankaɗe shi da rariya, ta baza a ɗakinta, ta bi da tsintsiya tana yi mashi zane-zane. In ka leƙa da sahe sai ka ce ba a taɓa takawa ba. Duk matan wurin haka suke yi, kuma wadda rairayinta ya hi fari ita ce mai tsabta.

To, amma rairayi munahuki ne. Ka zuba mashi hitsari shi shanye, shi yi maka fari kamar bai san komi ba. Kashin akuya ya faɗa, ƙafa ta taka, ya nutse. Ƙarangiya tana ciki, ƙuma tana ciki. Ita kuwa Inna, akuya a wurinta mutum ce. Ɗan akuya in an haihe shi, ɗakinta yake kwana, a ɗaure a ƙafar gado, wai kada dila ta ɗauka, wai kada sanyi ya kama shi. Kaji su shiga su hita. Tunkiya ta leƙo a ce mata sannu. Tsakar gidan nan in na share da sassahe, kahin in sauke tukunya an sake watsa mini baƙaƙen ƙwallaye tun daga ƙofa har bakin murhu.

Na yi haƙuri, tunda ni kaɗai ce. Babba ya san abin da zai taka.

Sai Allah ya ba ni ciki. Na tahi gida goyon ciki kamar yadda ake yi, na haihu a hannun uwata, na yi wankan jego, na komo da ɗiya mace a bayana. Ɗiyar fari.

Ku da kuke ji kun san abin da ke tsakanin uwa da ɗan fari. Ba ki kiran sunanshi. Ba ki yi mashi wasa a gaban mutane. In ya faɗi a gaban surukai, sai ki kau da kai ki jira wani ya ɗaga. In an ce ya yi kyau, ki yi kamar da bango ake. Ni kuwa an hore ni da kyau, don uwata ba ta wasa. Duk arewar nan ba wadda ta kai ni kawaici a lokacin, kowa ya shaida. “Yarinyar nan” nake cewa, ko “waccan”. In zan ba ta nono sai na shige ɗaki na saki asabari.

Tun tana kwance aikin ya hi na da. Ruwa a can ba kamar na gulbi ba ne da za ki tona da hannu ki samu. Rijiya ce mai zurhi, in ka jefa tsakuwa sai ka gama salati kahin ka ji ƙararta, takarkari ke jan wasaki, wato babban gugan fata. Kuma dabbobi ake fara shayarwa. Raƙuman Buzaye su sha, shanun Hulani su sha, awakin gari su sha, sannan a tuna akwai mata a tsaye da tuluna. Abin da na ɗauko a kaina, shi ne na sha, shi ne na tuwo, shi ne na alwalar maigida, shi ne na wanke tsumman yarinya. Da ɓawon aduwa nake wanki, in daka shi in jiƙa ya yi kumfa. Inna ta gan ni ina cuɗa tsumma sai ta ce, “Ke ɗiyar gulbi, ruwan nan ba na ubanki ba ne. Kashin jariri har wani kashi ne? Goge da rairayi ki shanya, rana ta ƙarasa.”

Na ce, “To, Inna.” Na kuma ci gaba da wankina a bayan ɗaki, da ruwan da na rage daga na wankana.

Masifar ta fara ne ranar da yarinyar ta soma rarrahe. Yaro mai rarrahe bakinshi ne idonshi. Abin da hannu ya damƙa, baki ya kai. Ina daka a tsakar gida, na waiga na ga tana mamular wani abu, baƙin ruwa na gangarowa a haɓarta. Inna na zaune kusa da ita tana kaɗi. Na tsaya da taɓarya a hannu, ba dama in ruga. Sai da Inna ta tashi ta shiga ɗaki na sa yatsa a bakin na zaro. Kashin akuya ne, ta tauna rabi.

Tun daga nan ba ni da sauran sukuni. In share, in sake sharewa, in rarrahe da kaina a ɗakina ina tona rairayi da yatsu kamar kaza. Ka tsince na sama, na ƙasa ya hito. Na shimfiɗa mata tabarma, ta sauka. Na ɗaure ta a baya wuni guda, ga daka ga rijiya ga itace, har gadon bayana ya yi ƙuraje, ita kuma tana ta banƙarewa tana son ƙasa. Yaro ba tulu ba ne da za ka aje shi ka tarar da shi inda ka bari.

Sai zawo. Kamar an kwance bakin salka. Yarinyar da cinyarta ta cika hannu ta koma kamar ɗan tsako. Idanu suka faɗa, maɗiga ta lotsa har kana iya zuba mata ruwa ya tsaya. Inna ta ɗaga leɓenta ta duba ta ce, “Haƙori ne. Duk ƴaƴana haka suka yi.”

Ƴaƴanta! Na san nawa ta haifa, na kuma san nawa suka tsaya da ƙafarsu, amma wannan ba maganar da suruka ke faɗi ba ce. Na haɗiye. Na dafa sabara na riƙa ɗura mata a ɓoye, ina ba ta nono ba dare ba rana. A gaban mutane kuwa huskata wasai. Mata su ce, “Ya mai jiki?” in ce, “Wa? Oho, waccan? Tana wajen kakarta.” Allah ya sa da sauran shan ruwanta, ta tashi.

Ranar da ta sake neman sauka ƙasa na ce a raina, wallahi ba a kan rairayin nan ba. Daɓe zan yi. Ɗaki guda a duniya inda in abu ya faɗi zan gan shi, in na share ya sharu.

Na aika wa uwata ta hannun masu jakunan da ke kawo dawa su koma da kanwa, ta aiko mini da makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a yayyafa wa daɓe ya yi ƙarhi ya yi baƙi. A arewa ba itacen ɗorawa ko na magani, don haka ɗan ƙunshin nan na ɓoye shi cikin tukunyar kayana kamar murjani. Ƙasa kuma, rairayi ba ya daɓuwa. Sai da na nemo suri a bayan gonaki na riƙa sara da ƴar gatari, na kwaso tsakuwa a wata ƙorama da ta ƙahe, ina jidowa a masaki, goyo a baya. Ruwa na riƙa tarawa kaɗan-kaɗan a wata tsohuwar randa, na daina wanka sai shafa. Maigida ya sassaƙa mini madaɓai da reshen aduwa, bai tambaye ni komi ba. Wannan kam na yaba mashi.

Shina da ƙanwa budurwa a gidan, bakinta kamar reza ba a wasa ba. Ta gan ni na kwashe rairayin ɗaki ina zuba jar ƙasa, ta riƙe ƙugu.

“Matarmu, rumbu za ki gina a cikin ɗaki, ko kabarin yayana kike haƙa?”

Na ce, “Wurin kwananki nake gyarawa, tunda bunsuru ya ce warinki ya ishe shi.”

Ta ƙyalƙyale ta ruga tana shela, “Ku zo ku ga ɗiyar gulbi, ƙafarta ta hi ƙarhin ƙasarmu, fada za ta gina!”

Da ita wasa ne, amma maganar ta zauna. A rijiya sai na ji ana ƙus-ƙus. Girman kai ne. Ƙawa ce. Tana ganin mu dabbobi ne. Kuma abin da ke cin raina, amsar tana bakina, gajeruwa: don yarinyar nan nake yi, kada ta mutu. Amma ina halin faɗi? Uwa ta hito a bainar jama'a ta ce ta damu da ɗiyar fari? Gara a ce mini mai girman kai. Na ɗauki sunan na aza a ka tare da tuluna.

Ranar daɓe na dama hura mai yawa na kira gayya. Mata sun zo, rabinsu don hura rabinsu don kallo. Ba wadda ta taɓa riƙe madaɓi. Na nuna masu yadda ake durƙusawa a jere, a buga tare, a matsa gaba tare, a yayyafa ruwa a sake komowa. Da fari suna bugun yatsun juna suna zagi, can sai hannu ya faɗa, wata ta ɗauko waƙar daka aka ɗora a kai, ɗaki ya ɗauki tim, tim, tim, har maza suka leƙo daga ƙofar gida. Da la'asar ƙasa ta kwanta sumul. Na tace ruwan makuba na yayyafa duka, ban rage ko cikin ludayi ba, na bi da tahin hannu ina shafawa. Ƙamshin ya tashi, ƙamshin ɗakin uwata. Na ce masu yanzu sai a bar shi ya sha iska, kada ƙafar mutum ko ta kaza ta taka har ya bushe. Na saki asabari, na tare ƙofa da ƙaya, muka koma rumfa da kayanmu.

Inna ba ta zo gayyar ba. Tana ƙofar ɗakinta tana kallo.

Kashegari da hantsi na tahi rijiya, na bar yarinyar tana barci a rumfa. Ran nan garke ya yi yawa, ban samu ruwa ba sai da rana ta take tsaka. Ina shigowa gida na ga ƙayar a gehe, asabari a naɗe. Na sauke tulu ban san inda na aje shi ba.

Ɗakina fari fat. Rairayi tun daga ƙofa har ƙuryar ɗaki, an tankaɗe, an baza, an tattake, har da zanen tsintsiya a kai. Yarinyar na zaune a tsakiya, hannu biyu cike, tana kaiwa baki. Inna na tsaye da masaki, gumi na zuba, tana murmushi.

Ta ce, “Na ƙarasa miki. Na leƙa na ga kin bar shi tsirara, ga sanyi ga tauri. Tun sahe nake jido, bayana kamar zai karye.”

Na durƙusa na sa hannu na share. Makubar ba ta bushe ba, ta kama rairayin ta riƙe gam. Inda na kankare da farce, fatar daɓen ta biyo. Sawun Inna ga su nan rututu, dunduniya ta lotsa ko'ina. Abin da zai zama kamar bayan akushi ya koma kamar dutsen niƙa, in yaro ya ja gwiwa a kai sai jini. Suri na, tsakuwata, ruwan da na hana jikina, makubar uwata da ta ƙetaro daji a bayan jaki.

Na ce, “Inna, ai ba a zuba mashi komi.” Muryata ko ni ban gane ta ba.

Murmushin ya ɗauke. “Ba a zubawa? A kan dutse za ki aje mini jika? Ta faɗi ƙeyarta ta fashe? Sanyin ƙasa ya shige ta? Ke wace irin uwa ce, ƙawar ɗaki ta hi miki mutum?”

Ku ji fa. Ni ce ƙawa ta hi wa mutum.

Da maigida ya komo daga gona na ja shi bayan rumbu na gaya mashi. Ya ce, “Uwata ce. Kuma da kyakkyawar niyya ta yi. Ki yi haƙuri.” Haƙuri! Namiji in ba shi da abin cewa sai ya miƙo maki haƙuri kamar goro. Na ce zan kankare in sake. Wannan maganar ita ta koma kunnen Inna.

Da sahe ta shigo rumfa ta ɗauki yarinyar ta saɓa a kafaɗa. Ta ce, ba da faɗa ba, “Dama ɗan fari na kaka ne. Tunda kin nace sai dutse, ki zauna da dutsenki. Wannan ta koma ɗakina. In ta nemi nono a kira ki, in ma ba ki zo ba ga akuyata ta haihu, nono har zuba yake.”

Kuma tana da gaskiyar al'ada, shi ne abin haushin. Ba wanda zai ce ta yi laihi. Mata ma cewa suka yi na huta, na samu suruka mai son jika. Ni kuwa abin da ya kamata in yi shi ne in sunkuyar da kai in ce na gode. Na sunkuyar. Na ce na gode.

Na zauna a ɗakin da ya lalace ina jin kukanta ta cikin dangar kara. Nonona ya cika ya yi tauri yana zuba, ba a kira ni ba sai an ga dama. In na shiga ba ta, warin hitsarin awaki ya buge ni tun daga ƙofa, ga rairayi fari tas a sama. Ga ƴan awaki biyu a ƙafar gado, ga ta tsakaninsu tana jan kunnen ɗaya. In buɗe tahin hannunta a ɓoye, in tarar da abin da nake tsoro. In cire, in goge mata baki da bakin zanena, in miƙa ta, in hito ina cewa Inna sannu da aiki.

Ba a daɗe ba zawon ya komo, ya hi na farko. Wannan karon har da amai. Na shiga da hantsi na tarar an kwantar da ita a kan buzu, ƙuda sun ruhe mata baki, ko hannun kora ba ta iya ɗagawa. Na sa mata nono ta kama ta saki. Inna na waje gindin aduwa inda mata ke sussuka, ina jin muryarta tana cewa, “Haƙoran sama ne ke hitowa yanzu, su sun hi wuya.”

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ɗauki ɗiyata na hito da ita a hannu, ba a baya ba, a ƙirji, na rungume, a gaban kowa. Mata sun cika gindin itacen, ga maza a ƙofar gida suna gyaran igiyar rijiya, maigida na cikinsu. Na tsaya a tsakiya.

Na ce, “Inna, ba haƙori ba ne. Kashin awakinki take ci.”

Taɓare suka tsaya.

Na ce, “Daɓen da kuke cewa na girman kai ne, don ita na yi. Don ita na sari suri, don ita na daina wanka. Ɗiyata ce. Ni na ɗauki cikinta, ni na durƙusa na haihe ta, kuma ba zan zauna ina kawaici a binne mini ita ba.”

Sannan na dubi huskarta na kira sunanta. Sunan yanka, wanda aka raɗa mata ranar suna, wanda bai taɓa hitowa daga bakina ba ko a ɗaki ni kaɗai. Na kira shi da ƙarhi har na ƙofar gida suka ji. Na sake kira. Ta buɗe ido ta dube ni.

Wata tsohuwa ta ce, “La'ilaha illallahu.” Wata ta ruhe baki da gehen zane. Ƙanwar mijina, mai bakin nan, ta saki faifai ta shige ɗaki. Maigida ya sunkuyar da kai kamar shi aka tuɓe wa wando a kasuwa. Na ce mashi daga inda nake, ban matsa ba, “Ko ta kwana a ɗakina daga yau, ko in goya ta in kama hanyar gulbi da ƙafa. In ta mutu a hanya, ta mutu a bayan uwarta.”

Ya buɗe baki, Inna ta ɗaga mashi hannu. Ta miƙe ta kakkaɓe zanenta. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi.

Ta ce, “Bar mata. Wadda ta kira sunan ɗiyar fari a gaban surukanta, gobe naka za ta kira. Ba a ja da wadda ta zubar da kunya.” Ta juyo gare ni. “Ga ki ga ta. Na cire hannuna. Ke za ki yi goyo, ke za ki yi jinya, ke za ki yi yaye. Kada ki neme ni.”

Na ce, “Na ji.” Ban ce na gode ba.

Na shige ɗakina na tare ƙofa da ƙaya, na shimfiɗa sabuwar tabarma, na zauna da ita a cinya ina ɗiga mata nono da ruwan sabara. Ba wadda ta leƙo ta ce ya mai jiki. Tuwo ma maigida ne ya riƙa turo mini ta ƙarƙashin asabari. Sannu a hankali amai ya tsaya, zawo ya ja baya, ta fara kama nono da ƙarhi har ina jin zahi. Ban taɓa jin zahin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.

Da ta samu sauƙi na kankare ɗakin da guntun fartanya, na sake jido suri. Gayya kuwa wa zai zo? Ni kaɗai na daɓe shi, goyo a baya, madaɓi ɗaya, yau kusurwa gobe kusurwa. Makuba ta ƙare, sai bagaruwa na jiƙa na yayyafa. Bai yi baƙi ba, bai yi sheƙi ba, ya tsattsage a wajen ƙofa, uwata da ta gani da ta yi tsaki. Amma in ƙwayar gero ta faɗi ina ganinta daga bakin gado. In share da sahe, in share da rana, in ɗan akuya ya leƙo ya sha tsintsiya. Nan ta ƙarasa rarrahenta, nan ta dafa gado ta miƙe. Ta faɗi ba sau ɗaya ba, ƙeyarta ba ta fashe ba.

Suna kuwa na samu. Marar kunya. A rijiya in na iso sai hira ta mutu. In budurwa ta yi rashin ta-ido, uwarta ta ce, “Kina son ki zama irin ɗiyar gulbi?” Akwai bikin da aka yi ba a aiko mini goro ba. Waɗanda suka binne nasu suna kawaici su ne masu mutunci, ni da tawa ke gudu a tsakar gida ni ce abin nuni. To, na ji.

Sai lokacin yaye ya zo. Kowa ya san yaye aikin kaka ne: ta ɗauke yaro ta kai ɗakinta, ta lallashe shi da kunu da wasa har ya manta. Uwa ba ta yaye ɗanta a gaban idonta, don ba zuciyar da za ta iya. Maigida ya je ya durƙusa ya roƙi Inna. Ta ce ita magana ɗaya gare ta. Hanyar gulbi kuma a shekarar ba ta biyuwa, ana tsoron mahara, balle in kai ta wurin uwata.

Ni na yi. Na samo guna mai ɗaci a daji na shafa wa nonona. Ta kama, ta saki, ta dube ni kamar na ci amanarta. Ta yi ta birgima a ƙasa tana buga kai, tana jan zanena, tana kuka har muryarta ta dushe. Nonona ya kumbura kamar zai fashe, zazzaɓi ya ruhe ni, ga ta a gabana tana miƙo hannu, ni kuma ina miƙa mata ludayin kunu tana turewa. Ɗakin Inna ga shi nan, danga ɗaya ce tsakaninmu, tana jin komi. Ba ta ɗaga asabarinta ba. Sai da yunwa ta ci ƙarhin yarinyar ta karɓi ludayin, tana sha tana ajiyar zuciya, ba ta kallona.

Abin da aka yi mini duk na iya ɗauka, ni na jawo da bakina kuma da za a sake da na sake. Amma yarinyar me ta yi? Ta tashi a gida ɗaya da kakarta, ta ga ana goya sauran jikoki ana yi masu kirari ana tsokanarsu, ita in ta rugo da gudu ta kama zanen Inna sai a zare zanen a hankali a ce, “Tahi wurin uwarki.” Har Inna ta koma ga Allah ba ta sake ɗaukarta ba. Malamai sun ce a yahe wa mamaci, na kuwa yahe mata rairayin, na yahe mata sunan da ta sa aka laƙaba mini. Zare zanen nan ne har yau na kasa yahewa.